Yadda Ake Ci Gaba da Doguwar Tafiyar Ƙasa da Jakar Goyo Ga Mai Sanyin Gaɓɓai

Aikin malamin gona na yi, ƙauyukan gulbin Maradi kuwa da ƙafa na san su. Da gwiwata ta dama ta fara ƙara kamar tsohon ƙyaure, likita ya ɗauki hoton ƙashi ya ce guringuntsi ya ci. Na dawo gida yara suka ce, "Baba, sai zama." Na bi maganarsu na yi wata huɗu bisa kujera gindin dogon yaro. Cinya ta zube, tumbi ya fito, ciwon kuma ya fi na da. Da na koma asibiti, faɗa aka yi mini: wa ya ce ka zauna? Tun daga nan na koma hanya, sai dai da wani tsari daban, kuma shi zan shimfiɗa maka.

Ga ɗan abin da ya kamata ka sani game da gaɓa. Guringuntsin da ke kan ƙashi ba shi da jijiyar jini. Ruwan cikin gaɓa yake sha, kamar soso, a matsa shi ya fitar, a sake shi ya tsotsa. In ba motsi, ba ci. Naman cinya kuma shi ke tare dukan da ƙasa ke yi wa gwiwa a kowane taku, in ya zube sai ƙashi ya karɓi dukan. Sannan kowane kilo ɗaya da ka ƙara, ko a jiki ko a jaka, gwiwa tana jinsa kamar kilo 4 a kowane taku. Wannan lissafin ne zai bi mu har ƙarshe.

Amma mu nan kome "sanyi" muke ce masa, alhali ba iri ɗaya ba ne. Akwai na cinyewar guringuntsi, irin nawa, wanda ke kama gwiwa da kwankwaso, da safe gaɓa ta ƙage amma kafin rabin awa ta sake. Akwai wanda ke kumbura yatsun hannu biyu tare, ƙagewar safe ta ɗauki awa ɗaya ko fiye, wannan yana da maganinsa na musamman da ba a wasa da shi. Akwai mai faɗa wa babban yatsan ƙafa cikin dare kamar harbin kunama. Mai sikila kuma nasa daban ne, zafi da ƙishirwa na iya tayar masa da ciwo. Kafin ka sayi ko da igiya, je a duba ka, ka san da wanne kake, a auna maka hawan jini, ka kuma faɗa wa likita abin da kake shirin yi.

Kayan da za ka tanada

Sanda biyu. Ɗaya ma ta yi, amma biyu sun fi. In ka samu irin na ƙarfe masu zugewa a wajen masu gwanjo, to. In babu, gora ko sandar makiyaya mara nauyi ta isa. Ka sa takalminka ka miƙe, ka riƙe sandar tana tsaye a ƙasa: gwiwar hannunka ta yi kusurwa daidai kamar kusurwar ɗaki. Bakin sanda mai tsini yana nutsewa cikin rairayi, don haka a sa masa roba mai faɗi, ko guntun taya. Wanda yatsunsa ke ciwo ya naɗe mariƙin da tsumma ko robar tayar keke har ya yi kauri, ya kuma sa madaukin igiya, nauyin ya sauka a wuyan hannu ba sai ya damƙe ba.

Takalmi rufaffe mai tafin da ke da kauri da laushi, mai igiya, wanda ya ɗan fi ƙafarka, don ƙafa tana kumbura da tafiya. Silifa ba ta wannan aikin. Ƙayar aduwa tana huda ta, tsaidau ma haka, kuma tana sa yatsu su riƙa kama ta, tafiyar ta karkace. Idan ka ɗauko na gwanjo, juya shi ka dubi dunduniya. In ta cinye ta gefe ɗaya, ajiye shi, tafiyar wani ce zai koya wa gwiwarka. Safa biyu masu kauri, da dogon wando saboda ƙarangiya.

Jakar goyo mai hannu biyu da ɗamarar ƙugu. Ɗamarar ita ce jakar. Ita ke sauke nauyi daga kafaɗa da gadon baya ta ɗora shi bisa ƙugu. In taka ba ta da ɗamara, kai wa tela ko mai gyaran takalma ya ɗinka mata mai faɗin tafin hannu da soso a ciki. In wannan ma bai samu ba, yi abin da iyayenmu mata suka sani tun fil azal: ɗauki zane ka zagaye gindin jakar da ƙugunka, ka ɗaure tamau a gaba kamar goyon yaro. Na yi haka sau da yawa, ana yi mini dariya, ban damu ba. Kada a ɗora kaya a ka, kada a rataya a kafaɗa ɗaya.

Sauran kuwa: robobin ruwa, ƙwayar tsarkake ruwa irin Aquatabs, gishirin zawo na sashe, malafa ko rawani, safar gwiwa ta farmasi ko bandeji mai miƙewa, magungunanka, tocila, salula da caji, katin shaida, ɗan bargo, gidan sauro, da siririn soso na kwanciya in za ka kwana. Guzuri: dabino, ƙuli-ƙuli, aya, ɗan kilishi. Fura kuwa ana samunta a hanya.

1. Ka fara gina cinya kafin ka taɓa jaka

Ba wa wannan matakin makonni da dama. Nan ne mafi yawan mutane ke gajen haƙuri, nan ne kuma ake cin nasara ko a faɗi.

Motsi uku ne, sau uku a mako. Na farko, zauna a kujera mai tsawo ka tashi ba tare da dafa hannu ba, sau 10. In bai yiwu ba ka dafa, da sannu za ka daina. Na biyu, kwanta rigingine bisa tabarma, lanƙwasa ƙafa ɗaya, ɗaga ɗayar a miƙe kamar taki ɗaya daga ƙasa, ƙirga biyar, sauke a hankali, sau 10 kowace ƙafa. Na uku, hau dakali mara tsawo ka sauko kana dafe da bango.

Tafiyar kuma a fara da minti 10 ko 15 bayan sallar asuba, a wuri mai daidai. Kowane mako a ƙara minti 5. Ranar da ka yi awa ɗaya ba tare da ɗingishi ba, sa jaka da ruwa lita 2 a ciki, sannan ƙara lita ɗaya duk mako. Da ruwa nake gwaji, saboda in gwiwa ta ƙi a hanya sai in zuba wa wata bishiya in dawo da jaka wofi.

Ga ma'aunin da za ka riƙe: bayan ka dawo da awa biyu, tambayi gwiwarka. In ciwon ya koma yadda yake kafin ka fita, ka yi daidai. In ya fi, ko washegari ta kumbura, ka zarce, rage kashi ɗaya cikin uku ka sake gwadawa. Ɗan tsami da nauyin jiki ba kome ba ne. Sukar da ke sa ka canja taku, wannan a tsaya.

Garin Maradi ya yi mana gata wajen gwaji. Bayan ambaliyar 1945 aka hau da gari bisa tudu, don haka daga cikin gari zuwa gulbi akwai gangara mai sauƙi. A makonnin ƙarshe riƙa sauka kana hawa da sandunanka.

2. Zaɓi lokaci da hanya

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin tafiya. Afirilu da Mayu zafi na wuce digiri 40, ba ruwanka da doguwar hanya. Da damina lakar fadama tana da santsi, zamewa ɗaya kuwa ta isa ta mai da kai baya wata uku. Da azumi ma a bar ta, a yi ƴar gajeruwa bayan shan ruwa.

Matashi mai lafiya na cin kilomita 4 ko 5 a awa. Mu lissafa 3, cikin rairayi ma ba ta kai ba. Tafiyar farko kada ta wuce kilomita 8 zuwa 10, kuma ta kasance kusa da hanyar da mota ko kabu-kabu ke bi, da kuɗin komawa a aljihu. Tibiri, kilomita goma da ƴan kai, ta dace da wanda ya riga ya saba: a je da ƙafa, a gai da ƴan'uwa Gobirawa, a dawo a mota. Tafkin Madarumfa ya ninka wannan, a da nakan raba shi kwana biyu in yada zango wajen Jiratawa. Sai dai kudancin nan, musamman kusa da iyaka da dajin Baban Rafi, yana fama da ƴan bindiga masu satar mutane da shanu. Kada ka nufi can sai ka tambayi mutanen wurin da hukuma a makon da za ka tafi. An ce kada a je, to kada a je. Kada ka yi tafiyar dare, kada ka kwana a daji, kada ka tafi kai kaɗai, kuma a gida a san hanyarka da lokacin isarka.

3. Auna jakar

Kayan sammako da maraice akan ɗaure shi. Ɗaure ka kai wa mai sikeli, ko na masu sayen aya da gyaɗa. Da farko kada ta wuce kashi ɗaya cikin goma na nauyinka: mai kilo 70, jaka kilo 7. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya ne, to ka ga lita 3 sun cinye kusan rabi. Maganin wannan shi ne sanin inda famfo da rijiya suke a hanya, ka ɗauki lita 2 ka riƙa cikawa kana sa ƙwayar tsarkakewa kamar yadda aka rubuta a jikinta. Kada dai ka rage shan ruwa don rage nauyi. Rage tufafi, rage buta ta ƙarfe, rage "ko da za a buƙata".

Abu mai nauyi ya kwanta jikin bayanka, a tsakiya. Bargo a ƙasa, magani da guzuri a sama. Wajen ɗauka, ɗora jakar bisa dakali ko turmi ka juya mata baya ka sa hannuwa, kada ka fizgo ta daga ƙasa. Fara ɗaure ƙugu, sannan kafaɗa. In akwai jika ko ɗan ƙane cikin tafiyar, ba shi ruwan ya ɗauka. Ba abin kunya, fataken da ma jakuna ke ɗaukar musu kaya.

4. Safiyar tafiya

Sanyin hunturu yana ƙage gaɓa. Jiƙa tsumma da ruwan ɗumi ka ɗora bisa gwiwa minti 10, ka zauna ka miƙe ƙafa ka lanƙwasa sau 20, ka jujjuya idon sawu. Sa safar gwiwa, amma kada ta matse har yatsu su yi sanyi ko ƙafa ta yi mirmir. Karya kumallo, sha ruwa, ka fita da gari ya waye sosai, lokacin da kake ganin inda kake taka ƙafa, don kububuwa ba ta sallama. Minti 15 na farko a yi su kamar mai rakiyar baƙo.

5. Yadda ake takawa

Gajeren taku. Dogon taku yana sa dunduniya ta daki ƙasa da gwiwa a miƙe, dukan ya wuce kai tsaye cikin gaɓa. Da sanda biyu, ta hagu tana tafiya da ƙafar dama, ta dama da ƙafar hagu. In ɗaya ce, riƙe ta a hannun da ke ɗaya ɓangaren. Gwiwar dama ke ciwo, sanda a hagu. Kusan duk tsohon da na gani da sanda a gefen ciwon yake riƙe ta, yana tafe yana karkata, har kwankwaso ya shiga cikin lamarin.

Dubi ƙasar da kake bi. Kwalta tana da tauri, ga motoci. Rairayi mai zurfi na jigawa yana da laushi amma ƙafa na zamewa baya a kowane taku, gwiwa tana murɗawa, kwankwaso yana gajiya. Wadda ta fi ita ce turbar da ƙafafu suka daddale, ko gefen hanyar amalanke inda ciyawa ta riƙe ƙasa. Gonar da aka girbe kuwa a zagaye ta, kunya da tushiyar kara maƙiyan idon sawu ne. Idan gefen hanya a karkace yake, riƙa sauya gefe.

Gangara ta fi hawa cin gwiwa, ko da yake numfashi bai shaida haka. Wajen sauka cikin gulbi ko ƙorama, sanduna su fara sauka, sannan ƙafa mai ciwo, sannan lafiyayyar. Wajen hawa, lafiyayyar ce gaba. In gangarar ta yi tsaye, bi ta a karkace, dama da hagu, kamar yadda jaki ke yi da kaya. Kada ka yi tsalle ko da ramin taki biyu ne.

Duk minti 45 a huta minti 10, tun ba a gaji ba. Sauke jaka, zauna bisa abu mai tudu, kututture ko jakar kanta, ka riƙa motsa ƙafa. Zama a ƙasa dirshan yana da daɗi, tashin ne aiki. Daga ƙarfe 11 a nemi inuwa har la'asar. Gawo shi ne abokin matafiyin rani, tunda da rani yake ganye, kuma albarkacin sassaben zamani, wato barin tohon itatuwa ya girma cikin gona, da manoman Maradi suka runguma tun shekarun 1980, gonakin da na sani fayau yanzu ba a rasa inuwa cikinsu.

Sha ruwa kaɗan-kaɗan tun kafin ƙishirwa. Iskar hunturu tana busar da gumi, sai mutum ya zaci bai yi ba. Fitsari ne shaida: in ya yi ja ya yi kaɗan, kana baya. In ba ka da gishirin zawo, ruwa lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali.

6. Magani

A nan na taɓa yin wauta, bari in faɗa. Wata rana zan yi tafiya mai nisa, na sayi ƙwayoyi wajen mai tallar magani a faranti, ya ce haɗi ne na ciwon jiki. Na haɗiya, na ji ni kamar ɗan shekara ashirin. Na yi kusan kilomita 20 ban ji kome ba. Da dare gwiwa ta zama kamar ƙwarya, cikina yana ƙuna, a amalanke aka fito da ni bakin titi. Mako uku ban taka masallaci ba. Ciwo ɗan aike ne, na kashe ɗan aiken na ci gaba da ɓarna.

Irin wannan haɗin sau da yawa akwai diklofenak a ciki, ko tiramol, ko dekisametazon. Diklofenak da ibuprofen suna aiki, amma suna cin ciki, suna ta da hawan jini, kuma in suka haɗu da zafi da ƙarancin ruwa a jiki suna iya taɓa ƙoda. Mai gyambon ciki, mai hawan jini, mai ciwon suga ko na ƙoda, kada ya sha sai da izinin likita, kuma ba a haɗa biyun tare. Dekisametazon yana kumbura fuska, yana ta da suga, da daɗewa ya rarake ƙashi. Tiramol kuwa kowa ya ga abin da ya yi wa samarinmu.

Abin da nake ɗauka: farasitamol daga farmasi, gram ɗaya a lokaci guda, tsakani awa 6, ba ya wuce gram 3 a yini. Sai diklofenak na shafawa, wanda kaɗan ne ke shiga jini. In babu, man zafi ma yana ɗan kwantar da tsami. Wanda ke kan maganin kullum ya ɗauki na kwana biyu fiye da lissafinsa, ya sa a tsakiyar jaka inda rana ba ta kai, ya kuma tambayi likitansa ko maganin na sa fata ƙin rana, don wasu suna yi.

7. Zango

Da isa ƙauye a fara da gidan mai gari ko liman, a yi sallama a faɗi ko wane ne, su za su nuna masauki. Cire takalmi, duba ƙafa ko akwai ƙaya ko bororo. Kwanta ka ɗora ƙafafu bisa jaka minti 20. In gwiwa ta yi ɗumi ko ta ɗan tasa, tsumma da ruwan randa mai sanyi, ko ƙanƙara a naɗe cikin ƙyalle in an samu, minti 15. Ka riƙe wannan: ɗumi na ƙagewa ne, sanyi na kumburi. Mutanen kirki za su kawo maka ruwan zafi su ce a gasa, wani ma ya ce a kira wanzami ya yi ƙaho ko tsaga. Yi godiya ka ƙi. Tsaga bisa gaɓa ƙofa ce ta ƙwayar cuta.

Salla ba ta zama dalilin wahalar da gwiwa ba. Hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Buhari ya ba da dama: a tsaye, in ba a iya ba a zaune. Roƙi kujera ko turmi. Ban-ɗaki na tsugunno shi ne abin da ba a faɗa amma kowa ke tsoro. Shiga da sanda ɗaya, kafa ta a gabanka, ka riƙe ta wajen sauka da tashi, kuma kada ka daɗe.

Wajen kwanciya, soso a ƙasa, bargo ya rufe gwiwa, in a gefe kake kwana sa riga a naɗe tsakanin gwiwoyi. Tashi daga ƙasa kuwa, mirgina gefe, dafa hannu biyu, kafa lafiyayyar ƙafa, kama sanda ko bango ka miƙe. Kakkaɓe takalmi kafin ka sa, kunama na son ɗuminsa.

8. Washegari, da bayan an dawo

Da safe kwatanta gwiwoyin biyu da ido da hannu. In daidai suke, ƙagewar kuma ta sake bayan ɗan motsi, ci gaba, amma zangon yau ya gaza na jiya. In mai ciwon ta fi ƴar'uwarta girma, tafiya ta ƙare, nemi kabu-kabu ko motar kasuwa.

Akwai alamun da ba gida za a nufa ba, asibiti ne a ranar: gaɓa ta kumbura ta yi zafi jau ga zazzaɓi, ƙafa ta ƙi ɗaukar nauyi sam, gwiwa ta kulle ta ƙi miƙewa, sha-raɓa ɗaya ta kumbura tana ciwo, baƙin bayan-gida kamar kwalta ga mai shan maganin ciwo, ko fitsari ya ɗauke.

In an dawo lafiya, kwana biyu na hutu, amma da ƴar tafiyar minti 10 safe da yamma don kada gaɓa ta ƙage. Ina da ɗan littafi da nake rubuta abu huɗu bayan kowace tafiya: nisan, nauyin jaka, irin ƙasar, da yadda gwiwa ta kwana. A cikinsa na gano cewa kilomita 12 bisa turba da jakar kilo 6 ba sa yi mini kome, amma kilomita 7 cikin rairayi sai na yi kwana biyu ina ɗingishi. Naka lissafin zai bambanta. A tafiya ta gaba abu ɗaya kawai za ka ƙara, ko nisa ko nauyi, kuma kaɗan, kilomita ɗaya ko kilo ɗaya.